Wutar Da Ke Cikin Ƙirjinki

'Ya'yana mata na Dangora da Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada har zuwa duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa. Yau maganata da ku ce, musamman waɗanda Allah Ya hore wa ƙafa: masu tsere a filin makaranta, masu buga ƙwallon raga da ta hannu, da waɗanda suka kalli Super Falcons suna ɗaga kofin Afirka karo na 10 a Rabat cikin watan Yulin 2025, suka ce a ransu, "Ni ma in Allah Ya so wata rana." Ina bayan wannan buri naku. Jikin da yake motsi ya fi jikin da yake zaune lafiya nesa ba kusa ba, kuma babu abin da zan faɗa a nan da zai zama dalilin ajiye takalmin gudu. Abin da nake so kawai shi ne ku san wani abu game da zuciyar da ke ɗauke da ku a fili, domin mai ɗaki ya kamata ya san inda yake masa yoyo.

Ku tuno ranar gasar wasanni ta makaranta. Hantsi ya dubi ludayi, ana ta kiɗa da ihu, an saki 'yan tseren mita 400. Yarinyar da ke kan gaba ta sha kwanar ƙarshe, saura ƙiris ta kai, sai kawai ta zube kamar an tsinke igiyar da ke riƙe da ita. Ba ta yi tuntuɓe ba, ba wadda ta ture ta. Kafin ƙiftawar ido an yi mata rumfa. Wata ta sheƙa mata ruwa, wata ta nemo albasa, wata ta ja da baya tana cewa mutanenta ne suka tashi. Can sai ta buɗe ido, kunya ta rufe ta, aka ce yunwa ce, aka miƙa mata lemo. Washegari ta koma fili. Na ga irin wannan, kuma ina cikin waɗanda suka yi hamdala suka watse. Har yau abin yana ci mini rai, domin a ranar zuciyar yarinyar nan ta yi magana a gaban mutum ɗari, amma babu wanda ya ji yarenta.

Suma suna ta tara. Akwai ta wadda ta daɗe tsaye cikin rana a layin taron safe: sai ta fara jin jiri, gumi ya keto mata, ido ya rufe a hankali, sannan ta sulale. Akwai ta wadda ta gama tsere ta ja birki lokaci ɗaya, jini ya taru a ƙafafu. Waɗannan galibi ba su da hatsari. Wadda nake jiye muku ita ce ta tsakiyar motsi: ana cikin gudu, ana cikin tsalle, ana cikin iyo, babu gargaɗi, mutum ya yanke jiki ya faɗi. 'Yata, riƙe wannan ko da za ki manta sauran zancena: suma a tsakiyar gudu ta zuciya ce, har sai likita ya auna ya ce ba ita ba ce.

Duk wadda ta tashi a ƙasar da ruwan Tiga yake shayarwa ta san injin ban-ruwa. Za ki ga inji sabo fil, tanki cike da mai, tiyo tsundum cikin ruwa, amma in filogi bai ba da wuta ba, ko ɗigo ba zai fito ba. Haka zuciya take. Tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma wuta ce ke motsa ta, lantarki na gaske wanda ake iya aunawa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli da ke ƙyasta wannan wuta sau 60 zuwa 100 a kowane minti idan mutum yana hutawa. Wutar takan bazu a ɗakunan sama, ta ɗan dakata a wata mahaɗa, sannan ta gangara ta wasu siraran wayoyi zuwa ɗakunan ƙasa, su matse su tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Wannan yana faruwa kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya, kuma ya fara ne tun kina cikin cikin mahaifiyarki. Man da ke ba da wutar kuwa gishirin jiki ne: sodiyam da fotashiyam da kalsiyam, waɗanda ke shiga da fita ta ƙananan ƙofofi a jikin tsokar.

Ba banza ba Bahaushe ke cewa zuciya tana lugude. Mata uku a kan turmi ɗaya, kowace ta san lokacin da za ta sauke taɓarya da lokacin da za ta ɗaga. Daɗin lugude yana wurin ɗagawar nan. In wata ta yi nawa wajen ɗaga tata, ta biyu ta sauko, sai taɓare su gwabza, hatsi ya watse. Zuciya ma bayan kowane bugu tana buƙatar ɗan lokaci ta sake ɗaukar caji. Likitoci suna auna wannan lokaci a kan takardar gwaji, suna kiransa tazarar QT. Idan tazarar ta yi tsawo fiye da ƙima, wani bugu ya faɗo cikinta kafin a gama shiri, sai ɗakunan ƙasa su rikice, su koma karkarwa maimakon tura jini. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini. Cikin 'yan sakanni mutum ya faɗi. Wani lokaci luguden yakan daidaita da kansa, yarinya ta buɗe ido a ce yunwa ce. Wani lokaci kuma ba ya daidaita. Akwai wasu hanyoyin da ke kai wa ga wannan rikici: wata an haife ta da ƙarin waya a zuciya da wuta ke bi ta ratse, wata kuma tsokar zuciyarta ce ta yi kauri fiye da ƙima tun asali.

Kada wannan ya firgita ki game da sauye-sauyen da atisaye ke kawowa. Zuciyar 'yar wasa takan ɗan ƙara girma da ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar gaggawa. Mai tseren dogon zango za a iya samun bugunta 50 ko ma 45 a minti tana hutawa, kuma lafiyarta ƙalau, muddin babu jiri ko kasala tare da shi. Ki koyi ƙirga naki. Da asuba kafin ki sauko daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ki ƙirga na minti guda. Ki san adadinki, ki san kiɗanki. Ranar da kika ji ya sauya, yana tsallake ko yana sukuwa ba dalili, ke ce za ki fara sani.

Game da mu mata akwai labari biyu, mai daɗi da mai jan kunne. Mai daɗin shi ne mutuwar fuju'a a filin wasa ta fi aukuwa ga maza sau da yawa fiye da mata. Duk ƙasar da aka ƙirga haka aka samu. Mai jan kunnen kuwa shi ne tazarar QT ɗin nan. Yara maza da mata kusan daidai suke, amma da zarar an balaga sai ta namiji ta gajarta, ta mace ta zauna da ɗan tsawonta. Shi ya sa ƙa'idojin duniya na karanta gwajin zuciyar 'yan wasa, waɗanda aka fitar a 2017, suka ware wa kowa iyakarsa: kashi 470 cikin 1000 na sakan ga namiji, 480 ga mace. Wato mace tana tsaye kusa da bakin rami fiye da namiji, kuma abin da zai ɗan tura ta ba sai ya yi yawa ba. Cikin mutanen da magani ya jefa zuciyarsu a irin wannan rikici, kusan biyu cikin uku mata ne.

Wannan ya kawo mu bakin kemis. Kun san yadda muke yi: jiki ya yi zafi, a aiki ƙani da kuɗi a ce a haɗo na zazzaɓi da na taifot. A dawo da ƙwayoyi kala biyar a ƙullin leda, babu suna babu takarda. To, da yawa daga magungunan da muka saba da su suna ƙara wa tazarar nan tsawo: kulorokwin da kwinin, eritromaisin da azitromaisin, sifro da ake sha don taifot, da wasu magungunan tsayar da amai. Kowannensu magani ne mai amfani a hannun wanda ya san aikinsa. Hatsarin yana wurin haɗa biyu ko uku a lokaci ɗaya, a jikin da gudawa ko amai ya riga ya zuƙe wa gishiri, sannan a fita fili. Ba cewa nake ki ƙi shan maganin zazzaɓin cizon sauro ba, wannan ciwo yana kisa. Cewa nake ki je a gwada jininki, a rubuta miki magani, ki san sunan abin da kike haɗiya, ki kuma gaya wa ma'aikacin lafiya duk wani abin da kike sha. Tiramol da lemukan ƙara kuzari da wasu ke ɗirka kafin wasa, ki yi nesa da su. Ƙarfin da suke bayarwa bashi ne, kuma zuciya ce ke biya.

Sai maganar ci da sha. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasarmu yakan haura digiri 40, gumi kuwa ba ruwa kaɗai yake fita da shi ba, har da gishiri. Fotashiyam in ya yi ƙasa a jini, wutar zuciya takan fara gardama. Allah Ya sa abin da ke mayar da shi yana gonakinmu da kasuwanninmu: wake, dankali, alayyafo, zogale, tumatir, ayaba, lemo, kankana, dabino. Ki sha ruwa kafin ƙishi ya kama ki. In kin yi gudawa, ki sha ruwan gishiri da sukari, ki huta har ƙarfinki ya dawo. Da azumi, atisaye mai tsanani ki bar shi sai bayan an sha ruwa. Shayin rage ƙiba da ke sa zawo ko yawan fitsari kuwa, wanke gishirin jikinki yake yi, ba kitse ba. Kuma in kina horo sosai, abincinki bai kai aikinki ba, jiki yakan fara rufe wasu ayyuka don ya tsira, na farko a ciki ita ce al'ada. Kwamitin Olamfik na duniya ya ba wannan matsala suna da muhimmanci tun 2014. In al'adarki ta ɗauke wata uku ba dalili, ko tana zuba da yawa har kina haki a ɗan ƙaramin gudu, kada ki ɗauka alamar ƙwazo ce. Ki gaya wa mahaifiyarki, ku je asibiti.

Zazzaɓi da mura ma kada ki raina su. Wasu ƙwayoyin cuta sukan taɓa tsokar zuciya ta kumbura, kuma gudu a kan kumburin nan yana cikin abubuwan da ke kashe matasa a fili. Wadda aka tabbatar tana da shi, likitoci sukan hutar da ita wata 3 zuwa 6. Don haka duk ranar da jikinki ke da zafi, ko ranar gasar da kika shekara kina jira ce, ki zauna. Gasa tana dawowa baɗi. Haka nan ciwon maƙogwaro na yara da muke bari ya warke da kansa: wani irinsa in ba a yi maganinsa ba yakan dawo da ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa gwiwar hannu, daga baya ya lalata ƙofofin zuciya. Wannan cuta har yanzu tana nan da yawa a arewa. In kin taɓa yin haka a yarinta, ki faɗa a duba ki.

Yanzu ina so ki yi wani aiki da ba a fili ake yinsa ba. Ki zauna da kakarki ko gwaggonki ki tambayi tarihin gidanku. Akwai wanda ya rasu farat ɗaya bai kai shekara 40 ba, ba jinya? Akwai wanda aka kwanta da shi lafiya aka wayi gari babu shi? Akwai gwanin iyo da ya nutse a dam ko kogi, aka rasa dalili? Akwai wadda ake cewa tana da farfaɗiya amma magani bai taɓa yi mata aiki ba, ko wadda takan suma in an buga ƙofa da ƙarfi ko waya ta yi ƙara tana barci? Akwai yaron da aka haifa kurma kuma yana yawan suma? Tun 1957 wasu likitoci biyu a ƙasar Nowe suka bayyana wani gida da kurumta da suma da mutuwar fuju'a suka haɗu a 'ya'yansa, kuma tsawon tazarar QT ne sanadi. Ciwon tsawon tazarar nan na gado yana samun kimanin mutum 1 cikin 2,000, kuma a mafi yawan nau'o'insa, in uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana da rabi da rabi na gadonsa. Mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma neman sanin sababi bai taɓa zama rashin tawakkali ba. Amsar da kakarki za ta ba ki tana iya ceton ki, ta ceci ƙannenki.

Ga kuma alamomin da ke jikinki ke kanki, bayan suma: ciwo ko matsewar ƙirji lokacin motsi, faɗuwar gaba da ke farawa kwatsam ta tsaya kwatsam, jiri a tsakiyar gudu, haki da ya fi na sa'o'inki alhali horonku ɗaya. Na san abin da ke sa ku yin shiru. Kina tsoron a cire ki daga tawaga, ko a gida a ce dama mun faɗa, wasa ba na mace ba ne, ko maganar ta fita a ce yarinyar gidan wane tana da ciwo, masu neman aure su janye. Waɗannan tsoro ne na gaske, ban raina su ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon da aka gano yana da magani. Wanda aka ɓoye shi ne yake zaɓar ranarsa da kansa.

Akwai wata gaɓa ta rayuwa da ta shafe mu fiye da matan ko'ina, ita ce bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke raunana, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara in an kwanta. Binciken da Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a faɗin Najeriya ya nuna arewa maso yamma ce kan gaba, har a Kano an samu inda abin ya kai mace 1 cikin kusan 100 da suka haihu. Raunanniyar zuciya kuwa wutarta ba ta da tabbas. Masu tsawon tazarar QT na gado su ma watannin jego suna cikin lokutan da suka fi yi musu hatsari. Idan Allah Ya kai ki wannan matsayi kina son komawa wasa, ki koma, mata da yawa sun koma sun yi fice. Amma ki bi ta asibiti tukuna, kuma kumburi da haki bayan haihuwa kada a ce miki jego ne kawai.

Gwajin da ake yi ba abin tsoro ba ne. Sunansa ECG. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, ya ƙera na'urarsa a farkon ƙarni na 20, aka ba shi kyautar Nobel a 1924. Za ki kwanta, a manna miki wayoyi 10 a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, cikin 'yan mintoci takarda ta fito da zanen wutar zuciyarki. Babu allura, babu zafi, kuma na'urar sauraro take yi, ba ta sa miki wuta. Kina da damar neman mace ta yi miki. Italiya ta wajabta wa 'yan wasanta gwajin lafiya tun 1982, kuma a yankin Beneto an ga mutuwar fuju'a tsakanin matasan 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a shekarun da suka biyo baya. Ki fara da babban asibitin ƙaramar hukumarku, in da buƙata su tura ki gaba. Allah Ya ajiye mu a kan hanya: daga Kwanar Dangora, arewa ga asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, kudu ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Abu ɗaya zan ƙara: a bar likitan zuciya ya karanta takardar. Binciken da Farfesa Sanjay Sharma da abokan aikinsa suka yi a Landan ya nuna cewa zanen zuciyar 'yan wasa baƙar fata, maza da mata, yakan fito da wani salo da ake iya ɗauka ciwo ne alhali lafiya ce. Kada a raba ki da burinki saboda karatun wanda bai ƙware ba.

In kuma an samu wani abu, ba ƙarshen tafiya ba ke nan. Dana Vollmer 'yar ninƙaya ce a Amurka. Tana da shekara 15, a 2003, aka yi mata aiki don gyara wata matsalar wutar zuciya da ke sa bugunta sukuwa, aka kuma ga alamun tsawon tazarar QT, har mahaifiyarta ta riƙa zama a bakin ruwa da na'urar farfaɗo da zuciya a hannu. Shekara guda bayan haka ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atens. A Landan a 2012 ta kafa tarihin duniya a mita 100, ta haihu a 2015, ta dawo Riyo a 2016 ta sake cin lambobi. Namu Nwankwo Kanu ma, yana dawowa da zinaren Olamfik na Atlanta a 1996 gwajin ƙungiyar Inter Milan ya gano matsala a ƙofar zuciyarsa. Aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana taka leda a Arsenal. Yau wasu ƙwaya ɗaya a rana ta ishe su, wasu a ƙone ƙarin wayar nan ta hanyar jijiya su warke, wasu a dasa musu 'yar na'ura a ƙarƙashin fata. Duk waɗannan sun samu ne saboda an duba.

Saura abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne nauyi: me za ki yi in ƙawarki ce ta faɗi? Iyayenku suna tuna 12 ga Agusta 1989, ranar da Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas Najeriya tana karawa da Angola, bai tashi ba. A watan Mayun 2016 mai tsaron gida Jeanine Christelle Djomnang ta ƙungiyar mata ta Ebolowa a Kamaru ta faɗi lokacin ɗumama jiki, ta rasu tana da shekara 26. A Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya suna wasa da Katsina United, shi ma ya tafi. Amma ranar 12 ga Yunin 2021 Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a gaban idon duniya, zuciyarsa ta tsaya, nan take aka hau danna masa ƙirji, aka sa masa na'ura, ya dawo. Kafin shekara ta zagayo yana buga ƙwallo a Ingila. Abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, mintocin farko ne. Kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira tana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Daga nan zuwa Kano kuwa tafiya ce da ta wuce waɗannan mintoci nesa ba kusa ba. Ma'ana, a filin makarantarku asibitin farko hannuwanki ne.

Ga yadda ake yi. Ki girgiza kafaɗarta ki kira sunanta. In ba ta amsa ba, kuma ba ta numfashi yadda aka saba, ki ɗauka zuciya ce ta tsaya. Kakari ko jan numfashi jefi-jefi kamar mai shaƙuwa ba numfashi ba ne. Fizge-fizgen hannu da ƙafa ma kada su ruɗe ki ki ce farfaɗiya ce, tsayawar zuciya takan zo da su. Ki nuna mutum ɗaya da yatsa ki ce ya nemo mota da malaman lafiya, ya kira 112. Ki kwantar da ita rigingine a ƙasa mai tauri. Ki ɗora tushen tafin hannunki a tsakiyar ƙirjinta, ɗaya hannun a kansa, ki miƙe gwiwar hannu, ki danna da nauyin jikinki, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a kowane sakan. Ki bar ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. In kin gaji wata ta karɓa, kamar dai lugude, kada turmi ya yi shiru. A cikin mota ma a ci gaba. Kada a ɗura mata ruwa ko madara, kada a cusa cokali a bakinta, kada a zaunar da ita. In akwai na'urar farfaɗo da zuciya a kusa, a kunna ta. Da kanta take faɗin abin da za a yi, kuma ba ta sakin wuta sai in ana buƙata. Haƙarƙari na iya tsagewa, kada ki tsaya. Ƙashi yana ɗoruwa.

Na san inda gizo ke saƙa a wurinmu: kunya. Ƙirjin budurwa ne, malamin wasanni namiji ne, mutane suna kallo, sai kowa ya tsaya yana jiran kowa. Ko a ƙasashen Turawa bincike ya nuna mace in ta faɗi a bainar jama'a ba ta samun mai danna mata ƙirji kamar yadda namiji ke samu. Malamanmu na addini sun daɗe da bayyana cewa larura tana da hukuncinta, kuma ceton rai yana gaba. Amma hanya mafi sauƙi ita ce ku 'yan mata ku iya da kanku, ta yadda ba sai an jira kowa ba. Wasu su kewaye ta da mayafai, wata ta durƙusa ta fara. Addu'a kuwa babu wanda ya hana: baki yana ambaton Allah, hannu yana aiki. Ruƙiyya tana iya jira har a isa gida. Ƙwaƙwalwar da ta rasa jini ba ta iya jiran minti biyar.

Don haka ga abin da nake roƙonku kafin gasa ta gaba. Ku je wurin shugabar makarantarku cikin ladabi ku nemi a gayyato ma'aikacin lafiya ya koya wa kowane aji danna ƙirji. Darasin awa ɗaya ne. Ku nemi iyaye da tsofaffin ɗalibai su sa na'urar farfaɗo da zuciya cikin abin da za su tara wa kuɗi, kamar yadda ake tarawa don kofi da riguna. Kowaccenku ta san bugunta na asuba, ta san tarihin gidansu, ta san sunan maganin da take sha. Wadda ta taɓa faɗuwa tana gudu, ko shekara nawa aka yi, ta faɗa yau.

Tamu Tobi Amusan ta tsallake shingaye goma cikin sakan 12.12 a 2022, ta kafa tarihin duniya, kuma ita ma a filin makaranta ta fara. Ban ga dalilin da zai hana wata daga Kiru ko Doguwa bin sawunta ba. Ina so in ga wannan rana. Ina kuma so, in wata yarinya ta sake zubewa a kwanar ƙarshe ta mita 400, a samu ɗaya daga cikinku da za ta ratsa taron, ta durƙusa a gefenta, ta san abin da zuciyar ke faɗa. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya yi muku albarka, Ya tsare mana ku a fili da gida.